Wayoyi huɗu na mutuwa kullum bayan magariba, ina matsalar take?

Dan_Utako: Assalamu alaikum masu sana'a. Ku taimaka min tun kafin mai aiki ya fara ganin kamar ban san abin da nake yi ba. Na karɓi aikin saka intakom a wani ƙaramin otal wajen Jabi. Wayoyin tebur 14 ne, irin masu aiki da kebul ɗin intanet: 10 a ɗakunan baƙi, sai risefshan, kicin, ofishin manaja da ɗakin maigadi. PBX ɗaya ne, wato na'urar da ke haɗa kira tsakanin wayoyin, da suwici, akwatin da ake soka kebul ɗinsu duka, mai rami 24 wanda ke ba wayoyin wuta ta cikin kebul, wato PoE. Ranar Asabar da azahar na gama, na bi ɗaki ɗaki na gwada, kowace lafiya lau, in ban da ta risefshan da take ƙara amma in an ɗaga shiru. Na ce wannan sai Litinin. To tun daren ranar manaja ke kira na, wai da an idar da sallar magariba wayoyi huɗu na saman bene sai su mutu, fuskarsu ta yi baƙi ƙirin, wani lokaci su taso su sake mutuwa. Da safe in na je sai in tarar da su garau. Yau kwana uku. Ni dai PBX ɗin nake zargi, har ina shirin mayar wa wanda ya sayar min.

Sarkin_Kebul: Wa alaikumus salam. Bar PBX inda yake, ba ruwansa. Ba shi ke ba waya wuta ba. Da daga wurinsa ne, fuskar wayar za ta ci gaba da haske, sai dai ta nuna maka ba ta yi rajista ba. Tunda fuska ce ke mutuwa, wuta ce ke yankewa. Bi hanyar wuta kawai: soket, suwici, kebul.

Abba_Kubwa: Magariba fa aka ce. Oga ko dai a nemo malami ya yi wa benen tofi 😂

MaiInbata: Abba ka bar wasa, mutum yana cikin damuwa. Dan_Utako, da wace wuta otal ɗin ke aiki da yamma? In magariba ce lokacin da suke tada janareto, to wajen sauya layin ne abin ke faruwa. In kuma sola ce, rana na faɗuwa nauyi ke komawa kan batir, kuma batirin da ya gaji a nan yake tona kansa.

Dan_Utako: Sola ce da inbata, janareto sai ƙarfe 10 na dare suke kunnawa in babu wuta. Wallahi ban kawo wannan a raina ba. Bari in sa a duba batiran.

Sarkin_Kebul: Kafin ka wahalar da kanka, ka tambayi kanka: in inbata ce ta gaza, me zai sa huɗu kawai su mutu, goma su zauna? Ai suwici ɗaya suke sha. Da gaba ɗaya za su tafi, har da PBX. Ruwa ba ya tsami banza, akwai abin da ya haɗa waɗannan huɗun. A waɗanne ramuka ka soka su?

Dan_Utako: Ni daga 1 zuwa 14 na jera su, bi da bi. Na benen su ne 11 zuwa 14.

Injiniya_Gwarinpa: Ka tabbata har yanzu haka suke? Kuma ka tabbata wayoyinka ne kaɗai a kan suwicin? Ka ce rami 24 ne, ka yi amfani da 14, ka ƙara na PBX da na rauta mai kawo intanet. Sauran fa? Ka je da kanka ka buɗe akwatin ka ƙirga, kar ka tambayi manaja. Ina da dalili.

HajiyarOfis: Ni ba ma'aikaciyar waya ba ce, sakatariya ce, amma zancen risefshan ɗin nan ya tuna min da namu. Sati guda muna fama, waya na ƙara, ka ɗaga shiru, sai in an danna sifika ake ji. Har an yanke shawarar sayen sabuwa. Ashe igiyar nan mai murɗe-murɗe ce aka soka a ramin abin sawa a kunne. Ramukan biyu girmansu ɗaya a bayan wayar, zanen da ke kansu ne kawai ya bambanta, shi ma sai ka kai ido kusa.

Dan_Utako: Hajiya Allah ya saka da alheri. Yanzu na sa yarona ya juya wayar, abin da kika faɗa ne daidai. Shi ya haɗa ta ranar. An gyara, risefshan na magana. Ina hanya zuwa Jabi don sauran.

Abba_Kubwa: Sakatariya ta kayar da injiniyoyi.

Dattijon_Layi: Ba abin dariya ba ne, ɗana. Na shekara fiye da 20 ina aikin layi tun zamanin NITEL, kuma abin da na koya shi ne a fara da abin da hannu ke taɓawa. Igiya, kai, soket. Yaran yanzu da waya ta yi tari sai su buɗe laftof su shiga saiti. A da abin aikinmu mita ce da wayar gwaji mai ƙugiya biyu. Ka ɗora a kan layi, ka ga bolt 48, ka san layi na da rai. Ba ka gani ba, ka bi waya har inda ta tsinke.

Dan_Utako: Injiniya, ranka ya daɗe, na gani. Ashe bayan na tafi ranar Asabar mai saka kyamarar tsaro ya zo. Ya tarar da suwici da ramuka a buɗe, ya soka kyamarori 8. Bai tsaya nan ba, don kebul ɗinsa gajeru ne ya cire wayoyina huɗu daga 11 zuwa 14 ya mayar da su can ƙarshe, 21 zuwa 24, ya sa nasa a wurin. Amma har yanzu ban gane me ya haɗa wannan da magariba ba.

Injiniya_Gwarinpa: Yauwa, abin da na yi zato ke nan. Juya suwicin ka karanta takardar da ke manne a ƙasansa. Akwai adadin wat da zai iya rabawa gaba ɗaya. Nawa aka rubuta?

Dan_Utako: Wat 120.

Injiniya_Gwarinpa: To ga lissafin. Mutane na ganin rami 24 sai su ɗauka kowane rami na da wutarsa. Tukunya ɗaya ce ake ɗiba. Ƙa'idar PoE mai lamba 802.3af ta yarda rami ɗaya ya ba da har wat 15.4, ta 802.3at kuma har 30, amma in ka ninka 15.4 sau 24 za ka samu kusan 370, kai kuwa 120 gare ka. Wayar tebur ba ta da ci, a ce wat 4 kowace, 14 sun kama 56. Kyamara da rana ita ma ba ta da ci, a ce 5, takwas sun kama 40. Jimla 96, tukunya ta isa, shi ya sa kake tarar da komai lafiya da safe. Amma kyamarar tsaro tana da ƙananan fitilu kewaye da idonta, waɗanda ke kunna kansu da duhu ya shiga don ta riƙa gani da dare. Ka tsaya gabanta da daddare za ka ga wani ja-ja a ciki. Da sun kunnu, cinta na iya ninkawa ko ya fi. Takwas sau 10 sun zama 80, ka ƙara 56, ka wuce 120. Suwici kuma ba ya mutuwa gaba ɗaya, sai ya zaɓi wanda zai yanke wa. Da yawansu ƙananan lambobi suke fifitawa, su fara sallamar na ƙarshe. Wa ke zaune a 21 zuwa 24? Gari na wayewa fitilun su mutu, wayoyinka su dawo. Aljanin Abba ke nan.

MaiInbata: Na janye zancen batir. Amma duk da haka a duba su, don ban yarda da inbatar otal ba sai na ga irinta. Masu arahar nan da wutarsu ba ta fita sumul suna sa adafta zafi, kuma a wayoyin analog, wato irin na da waɗanda ba sa aiki da kebul ɗin intanet, har wani gurnani za ka riƙa ji a layi.

Sarkin_Kebul: Ƙari a kan bayanin Injiniya: wasu suwici ba sa duba abin da na'ura ke ci a zahiri, ajin da ta faɗa suke ware mata. Waya ta ce ita aji na 2 ce, a ware mata wat 7 ko da 3 take sha. Wadda ba ta faɗi ajinta ba a ware mata 15.4 cur. A irin wannan tukunyar kan ƙare a takarda tun ba ta ƙare a gaske ba.

Mai_CCTV_Nyanya: Ku yi mana adalci dai. Kullum mu ne masu laifi. Mai gida ne ke cewa ga suwici can na saya da kuɗina, kar ka sa ni sayen wani. Ka ce masa ba zai ɗauka ba, ya ce so kake ka ci kuɗinsa. Me za ka yi?

Dan_Utako: Ba a ce kar ya soka ba, malam. Amma ya cire kebul ɗin wani bai kira shi ba? Lambata na rubuce a jikin akwatin.

Mai_CCTV_Nyanya: Wannan kam bai kyauta ba, ban goyi bayansa ba.

Bature_na_Bukuru: Gaisuwa daga Jos. Kun warware ta magariba, amma ni abin da ya tsaya min a rai tun saƙon farko shi ne wayar ɗakin maigadi. Ɗakin a jikin ginin yake ko a bakin get? In daban yake, ta ina kebul ya bi?

Dan_Utako: A bakin get yake. Ta sama na ja shi, daga bene zuwa rufin ɗakin, bai fi mita 15 a sarari ba.

Bature_na_Bukuru: To ka kafa wa aradu tsani. Mu nan kan tudu mun sha wannan karatun, daga Afrilu zuwa Oktoba ba a wasa da tsawa. Ba sai ta faɗo a kan ginin ba, ta sauka kusa ma ya isa, kebul ɗin da ke shanye a waje zai kwaso ya kai ciki. Na taɓa yin aiki a wata makaranta, na ja layi ɗaya ta sama zuwa ɗakin kwanan ɗalibai. Ruwan farko na shekarar ya tafi da katin layuka takwas na PBX da suwici guda. Daga aljihuna na biya rabi. Tun daga nan, tsakanin gini da gini ko dai faiba, wato kebul mai zaren gilashi, tunda gilashi ba ya ɗaukar wuta, ko in binne kebul cikin bututu in sa abin kare tsawa a kowane ƙarshe. Kuma abin kare tsawa in ba a haɗa shi da atin mai kyau ba, wato sandar ƙarfen da ake bugawa a ƙasa don wuta ta bi ta sauka, ado ne kawai.

Abba_Kubwa: Faiba saboda wayar maigadi guda ɗaya? Mai otal zai ce a saya masa ƙaramar Nokia.

Bature_na_Bukuru: Wallahi da ya yi haka da ya fi masa kebul a sama. Ba wayar maigadin nake ji ba, abin da ke ɗaya ƙarshen nake ji.

Dattijon_Layi: Zancen atin ɗin nan a riƙe shi. Abuja ma ƙasar dutse ce a wurare da yawa. Sai ka ga an buga sanda ta shiga ƙafa biyu ta ci karo da dutse, a yanke sauran a rufe da ƙasa a ce an yi. A nemi wuri mai danshi, a haƙa rami sosai. Gawayi da gishiri da ake zubawa suna aiki, amma gishirin na cin sandar a hankali, bayan 'yan shekaru sai an sake dubawa. Kuma da rani ƙasa ta bushe, atin da ya yi kyau a Agusta ba lallai ya yi kyau a Fabrairu ba.

Ummu_Hanan: Ku yi haƙuri da katsalandan. Ni tambayata, a wannan zamani me ake da intakom? Shagonmu mu tara ne, guruf muka buɗe a WhatsApp, shi ke nan.

HajiyarOfis: 'Yar'uwa shago daban, otal daban. Baƙon da ke ɗaki yana son ruwan zafi ƙarfe 2 na dare ba zai nemi lambar ma'aikaci ba, sifili zai danna. A ofis ma, ranar da mai riƙe da lambar kamfani ta ajiye aiki, da kwastomomin take tafiya a jakarta. Mun gani.

Dan_Utako: Ga inda aka kwana. Jiya na cire kyamarori huɗu daga suwicin na ɗora su a wani ƙarami da na ara, na tsaya har bayan isha'i. Wayoyi uku ba su ko ƙifta ba, alhamdu lillahi. Amma ta ɗaki na 10, na ƙarshen baranda, har yanzu tana yi. Ba ta mutuwa gaba ɗaya yanzu, sai dai da an kira ta ta fara ƙara sai ta ɗauke ta sake tashi. Na kawo ta ƙasa na soka da gajeren kebul kusa da suwici, na kira ta sau goma, ko gezau.

Sarkin_Kebul: To waya ta wanke kanta, rami ma ya wanke kansa. Saura kebul. Abu uku nake so ka duba. Tsawo tukuna: a jikin rigar kebul akwai lambar mita da aka buga, karanta ta wajen suwici, karanta ta ɗakin, ka ɗebe. Iyaka mita 100 ce, har da gajerun da ke kowane ƙarshe. Sai kan da aka matse, ko duka takwas ɗin sun shiga har ƙarshe kuma a jere: fari-lemo, lemo, fari-kore, shuɗi, fari-shuɗi, kore, fari-ƙasa, ƙasa. Na ukun shi na fi zargi. Yanko guntun da ya rage, ka feɗe silli ɗaya ka kankare shi da reza. In ciki ja ne har tsakiya, tagulla ce. In ka ga fari yana ƙyalli, alminiyon ne aka shafa wa tagulla a baya, wanda ake kira CCA. Ko ka sa masa ashana: tagulla za ta yi ja ta tsaya, wancan sai ya lanƙwashe ya zube.

Dan_Utako: Tsawo mita 83. Na kankare. Fari ne tas. Inna lillahi. Kwali biyu na saya a wani shago, an rubuta Cat6 ɓaro-ɓaro a jiki, mai shagon har da rantsuwa.

Sarkin_Kebul: Rubutu ba ya tsada. Alminiyon ba ya wuce da wuta kamar tagulla, abin da yake iyawa kusan kashi 60 cikin 100 na nata ne. A mita 20 ko 30 ba za ka lura ba, shi ya sa sauran ɗakunan ke aiki. A mita 83 wutar na zubewa a hanya, abin da ke isa ya ishe ta zama shiru, amma da ta fara ƙara fuska ta haska, sai ta nemi ƙari ta rasa. Ga shi da karyewa a cikin kai in an matse. Gaba in za ka saya, ɗaga kwalin. Mita 305 na tagulla zalla da nauyi yake, na bogi kuwa kamar ka ɗauki kwalin biskit. In farashi ya faɗo rabi, ka san dalili. Araha ba ta ado.

Injiniya_Gwarinpa: Ban musa ba, amma kar a yanke hukunci tun ba a sake matse kan ba. Na sha ganin CCA na aiki a mita 80, na kuma ga tagulla ta gaske na irin wannan saboda silli ɗaya bai taɓa ba. Ƙaramar testar nan mai fitilu takwas ba ta nuna komai sai cewa silli ya isa, ba ta san ko da ƙyar ya isa ba. Yanke kai biyun ka sa sababbi, naira nawa ne? In ta ci gaba, sannan a yi maganar jan sabo. Kuma ka leƙa silin, ɓeraye na son rigar kebul.

MaiInbata: Ko ya huta, ya saya wa wayar adafta ya soka a bango. Sai dai a duba abin da aka rubuta a bayanta. Wasu bolt 5 suke sha, wasu 12, bakin kuma na iya shiga juna. Ka sa wa mai 5 ta 12, sai hayaƙi.

Bature_na_Bukuru: Adafta a ɗakin otal? Baƙo na farko zai zare ta ya sa cajarsa. Kuma in an ɗauke wuta wannan wayar ta mutu, alhali amfanin PoE ke nan, ka sa UPS ɗaya, wato batirin ajiyar wuta, a ƙasa ya riƙe kowa.

Talba_Garki: Tunda ana kan maganar, ni ma ga tawa. PBX ɗinmu na analog ne, tsohon Panasonic KX-TES824, mun haɗa shi da akwatin sim, wato na'urar da ake saka sim a ciki, don kiran waje. Cikin gida lafiya, amma kiran waje sai ya riƙa yankewa, kuma akwai wani ƙugi dit-dit-dit kafin kira ya shigo.

Dattijon_Layi: Ina ka ajiye akwatin sim ɗin, Talba? In yana cikin akwatin ƙarfe tare da PBX, ka yi laifi biyu. Ƙarfe na tare sabis, shi ya sa kira ke yankewa. Ƙugin kuma sim ɗin ne ke magana da dogon ƙarfen kamfani, wayoyin analog da ke kusa suna kwasa, irin wanda rediyo ke yi in an ajiye salula kusa da ita. Fito da eriyar waje kusa da taga, ka nisanta akwatin da mita ɗaya ko biyu. Kuma ka tabbata a ramin layin waje ka soka shi, wanda aka rubuta CO. Ramin wayoyin ciki wuta yake fitarwa, akwatin sim ma wuta yake fitarwa, in ka haɗa su kai da kai ɗaya na iya lalacewa.

Talba_Garki: A ciki yake Baba, har da kwaɗo na sa. Gobe zan fito da shi.

HajiyarOfis: A kuma tuna wa sunan wa sim ɗin yake. Lokacin da aka rufe layukan da ba a haɗa da NIN ba a 2024, mutane da yawa sun yi ta zargin na'ura, ashe layin ne aka toshe.

Dan_Utako: Na sake matse kai biyun kamar yadda Injiniya ya ce. Ta yi sauƙi, cikin kira goma sau biyu ta ɗauke. Ke nan kowa na da gaskiyarsa. Yanzu rigimar ta koma wani wuri. Na gaya wa mai otal abu uku: a sayi suwici daban na kyamarori, a sake jan kebul na ɗaki na 10 da na 9 da tagulla, a sauke na maigadi a binne. Ya yarda da na farko, wai mai kyamara zai cire a kuɗinsa. Na uku ya ce a bari sai damina ta matso. Na biyu kuwa ya ce ni na sayo kebul ɗin, ni zan canza. Ga silin ɗin POP ne, an riga an yi fenti.

Abba_Kubwa: Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, Oga.

Mai_CCTV_Nyanya: A'a, ya danganta. Wa ya rage kuɗin kaya? In ka kai masa lissafin tagulla ya ce ya yi tsada a nemo mai sauƙi, to da shi za a raba.

Dan_Utako: Gaskiya bai rage ba. Ni aka cuta a shago, kuma ni ban kankare ba.

Sarkin_Kebul: To ka ɗauka, sunanka ya fi kwali ɗaya. Kuma ba sai ka fasa POP ba in cikin bututu ka bi. Ɗaura sabon a wutsiyar tsohon da tef sosai, yaronka na turawa kana ja daga ɗaya gefen. Sauran kwalin kuma ka mayar wa mai shagon, ka kankare a gabansa.

Dan_Utako: Rabi a bututu yake, rabi kuma a kan silin muka shimfiɗa, yaron ya ɗaure shi da wayar wuta a wurare biyu ko uku don kar ya yi lilo.

Injiniya_Gwarinpa: Da wayar wuta? Dakata. Wannan ba ka faɗa mana ba tun farko. Tsawon mita nawa suka yi tare, kuma wace waya ce, ta fitila ko ta AC?

Bature_na_Bukuru: Kuma zancen a bari sai damina ta matso, ka sa ya rubuta maka a takarda cewa shi ya ce a bari. Kafin nan ka zare na maigadin daga suwici duk ranar da ka ga hadari ya haɗu ta gabas.

Dan_Utako: Ta AC ce ina jin. Bari in hau silin ɗin da safe in auna.